Bokitin da Ba a Zuba Ba

Magina da masu fenti da masu haɗa famfo duk Mai Bokiti suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a, don sunan bai zo a banza ba. Sana'arsa shimfiɗa tayil. In ya gama banɗaki, siminti ya kama, ba ya karɓar sannu da aiki daga bakin kowa sai an kirawo masa mai gidan. Zai cika bokiti fal, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ja baya, kada takalminka ya jiƙe." Sannan ya sheƙa ruwan a ƙasa. Ruwan zai bazu, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sai ya tattaru ya nufi magudana ya shige tas, ko cikin cokali ba ya kwanciya. A lokacin ne zai goge hannu a jikin wando ya ce, "Ni ina iya yi maka ƙarya. Ruwa ba ya yi."

Sirrin abin a gangare yake. Ana ɗan karkata daɓen zuwa wajen magudana, kaɗan ƙwarai, yadda ido ba zai gani ba, ƙafa ba za ta ji ba, amma ruwa ya sani. Mai Bokiti ya koyi wannan tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, a hannun wani tsoho mai faɗan tsiya, ya kuma shafe shekara ashirin da bakwai a durƙushe yana yi. Yana da kunne kuma. In ya shiga gidan da wani ya yi aiki, ko gaisuwar mara lafiya ya je, sai ka ga ya zaro makulli yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna daram yana da nasa amon, wanda ƙarƙashinsa rami ne yana da nasa. Sau nawa matarsa tana harararsa a gidan mutane, amma ina, hali zanen dutse.

Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Inna ce ta rene su da keken ɗinki, shi da ƙanwarsa Auta, wadda ya ba shekara goma sha biyu. Inna ba ta taɓa kiransa Mai Bokiti ba. Babana take ce masa, don sunan mahaifinta ya ci. Auta kuwa ta girma ta zama malamar lissafi a makarantar firamare, mace mai kaifin baki wadda ba ta raga wa kowa, sai yayanta. A wajenta, in Yaya ya ce bango a miƙe yake, to a miƙe yake ko da yana shirin faɗowa.

Gwiwa ba a yi ta don ta zama tafin ƙafa ba. Yana da shekara arba'in da ɗaya ta dama ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa, har aka yi masa aiki a asibiti. Da za a sallame shi likita ya rubuta masa maganin kashe zafi na sati biyu, ya ce ɗaya da safe, ɗaya da yamma, in ya ƙare ya ƙare. Ƙwayar farko da ya haɗiya ta ɗauke ciwon, ta kuma ɗauke wani abin da bai san yana ɗauke da shi ba. Fargabar ko zai sake durƙusawa, da tunanin yara huɗu, da gajiyar shekaru, duk suka kwanta. Ya ji jikinsa sakayau, har ya yi wa matarsa waƙa, ta ce lallai yau aljanun mutumin nan sun sauka.

Sati biyu suka ƙare, shi bai ƙare ba. Akwai wani mai kemis a bayan tasha wanda ba ya yawan tambaya. Mai Bokiti ya nuna masa takardar likita sau ɗaya, daga nan ba a sake neman ta ba. Amma bai yar da ita ba. Shekara uku tana ninke a cikin walat ɗinsa, har ta yi laushi kamar tsumma, rubutun ya goge. Ita ce shaidarsa a gaban kansa. In ya wuce samarin da ke zaune a ƙarƙashin gada da kwalaben maganin tari, idanu a lumshe, sai ya yi tsaki ya ce, "Allah wadaran naka ya lalace." Su 'yan ƙwaya ne, shi kuwa mara lafiya ne, likita ya rubuta masa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Biyu a rana suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, kuma daɗin nan na farko bai sake dawowa ba. Yanzu yana sha ne kawai don ya zama mutum. In ya makara da sa'a biyu sai hamma ta taso, hanci ya fara zuba, zufa ta keto masa ko ana sanyi, ƙasusuwansa su riƙa ciwo kamar an yi masa duka. Cikinsa ya ɗaure, sai ya yi kwana huɗu bai zaga ba. Ya rame har ya ƙara huda biyu a bel. Yana cikin magana da mutum sai kansa ya sunkuya, ya farka ya ci gaba daga inda ba a nan ya tsaya ba. Wata rana da ya ƙara yawan abin, ya yanke jiki ya faɗi a wajen aiki yana jijjiga, ya ciji harshensa har jini. Magina suka yayyafa masa ruwa suka ce rana ce ta buge shi, shi ma ya ce rana ce. Matarsa ta tambaye shi sau biyu abin da ke damunsa. A na biyun ya daka mata tsawar da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, ta kama bakinta.

A cikin wannan hali ne Auta ta kawo maganar banɗakin Inna. Tsohon daɓen siminti ne, ya farfashe, ga Inna ta haura saba'in. Auta ta ce, "Yaya, kana gyara wa duniya banɗaki, na uwarka kamar kwata. Wallahi abin kunya ne." Ya yi dariya ya ce ta bar masa. Ya zaɓo tayil mai kaushi wanda ba ya santsi, ruwan ƙasa-ƙasa, mafi kyau a shagon. Ya ce ba ya son lebura, da hannunsa zai yi wa Inna.

Ranar shimfiɗar ya tashi babu ƙwaya ko ɗaya a aljihu, mai kemis kuma bai buɗe da wuri ba. Ya kwaɓa siminti hannu na rawa, zufa na ɗiga a cikin kwaɓin. Da hantsi ya bar aikin ya tafi bayan tasha, ya dawo ya haɗiye na safe da na rana a lokaci guda. Daga nan komai ya yi sauƙi. Bai ja zare ba, bai ɗora ƙarfen awo ba, ya ce ai idonsa ya isa, shekara nawa. Yana ajiye tayil yana bubbugawa da gudumar roba yana gyangyaɗi, har ya kai bakin ƙofa.

Bayan kwana biyu ya zo ya cike tsakanin tayil. Inna da kanta ta tara ruwa a bokiti ta jawo shi har ƙofar banɗakin, tana haki tana murmushi.

"Yau ni ce mai gida," in ji ta. "Shekara nawa ina jin labarin bokitin nan a bakin mutane. To a zuba mu gani."

Ya duƙa yana tattara kayan aiki. Daga nan inda yake, haske ya faɗo a kan daɓen ta taga, sai gabansa ya faɗi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tayil huɗu na bakin ƙofa sun nutse, sun karkata zuwa waje maimakon magudana.

"Bai gama bushewa ba, Inna. Sai ranar Asabar."

Ta dube shi, ta dubi bokitin. Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Gyaran bai fi aikin yini ɗaya ba. A ɓalle tayil huɗu, a ɗaga kwaɓi, a mayar. Amma ɓallewa na nufin ƙarar guduma, ƙarar guduma na nufin Auta ta ji, maƙwabta su ji, a ce Mai Bokiti ya kuskure gangare a gidan uwarsa. Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. In ya zo gaisuwa ya shiga banɗakin yakan tarar da tsintsiya a jingine a bayan ƙofa da wani tsumma a shanye a kan famfo. Ya san aikinsu. Kullum bayan wanka Inna na duƙawa ta share ruwan da ya kwanta, faɗinsa kamar faranti, ta tsane wajen. Ba ta gaya wa kowa ba, shi ma ba ta ce masa komai ba, shi kuma ya gode wa shirun nata kamar ɓarawon da kare bai yi wa haushi ba.

Wata biyar ana haka. Wata safiya ta fito daga wanka, sabulu ya gauraye da ruwan bakin ƙofa, ƙafarta ta tafi. Maƙwabciya ce ta ji ƙarar. Ƙashin kwatangwalo ya karye, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. A barandar asibiti wani ɗan uwa ya tambaya ko santsin tayil ne, Auta ta taso masa kamar za ta cinye shi.

"Wane santsi? Yaya ne fa ya yi aikin da hannunsa. Tsufa ne kawai, jiri ya ɗebe ta."

Mai Bokiti yana zaune a kan benci, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Kunya ta rufe shi har wuya, amma bai buɗe baki ba. Aka tambayi Inna da ta farfaɗo, ta ce e, jiri ne.

Da za a sallame ta, likita ya tara su ya yi musu magana dalla-dalla. Ya ce aikin ya yi kyau, amma tafiyarta tana hannun makonnin nan na farko. Dole ta riƙa tashi kullum tana taka ƙafar, ko da kuka. In ta kwanta, gaɓar za ta sandare, naman cinya ya zube, kuma a shekarunta abin da ya zube ba ya cika dawowa. Don haka ya rubuta mata magani mai ƙarfi, wanda ba a samu sai a asibiti, sau uku a rana. Na rana shi ne mafi muhimmanci, don mai gashin ƙashi za ta riƙa zuwa da la'asar ta sa ta motsa jiki, kuma ba za ta iya jure wannan ba sai maganin yana jikinta.

Auta ta sayo akwatin roba mai ƙananan gidaje, kowace rana gida uku, ta jera ƙwayoyin kamar tana shirya jarrabawa. Ita za ta ba da na safe kafin ta tafi makaranta, da na dare. Na rana kuwa, wa ya fi dacewa da wanda ba shi da shugaba a wajen aiki? Ta miƙa masa akwatin ta ce, "Alhamdu lillahi da muke da kai, Yaya."

A lokacin mai kemis ya fara cewa babu, wai an matsa musu. Abin da Mai Bokiti yake samu a hannun 'yan bayan tasha ba shi da tabbas. Wani kamar alli ne, ba ya yin komai, wani kuma ya kwantar da mutum har numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Kwana biyar yana buɗe gidan akwatin yana ba Inna nata da ruwa a kofi. A rana ta shida ya zo hanci na zuba, ƙafafu na rawa. Ya tsaya a kicin da ƙwayar a tafin hannunsa. Ƙarama ce, fara, zagayayya, kamar maganin ciwon kai na yara da ke aljihunsa. Ya ce wa kansa yau kaɗai, kuma ai ta sha na safe. Ya haɗiye ta Inna, ya kai mata ta yaran a madadinta.

Da la'asar mai gashin ƙashi ta zo, doguwar mace mai muryar soja. Ta kafa ƙarfen dogarawa a gaban gado ta ce Inna ta tashi. Jiya ta yi taku goma sha biyu. Yau tana ɗora nauyi a ƙafar sai fuskarta ta canza, zufa ta tsattsafo a goshinta, ta yi taku biyu ta koma ta zauna. Mai Bokiti yana tsaye a jikin ƙofa, jikinsa ya yi daɗi irin wanda ya shekara uku yana nema, yana kallon uwarsa tana cije leɓe.

Yau kaɗai ta zama gobe kaɗai. Wanda ya ɗanɗani na Inna, na bayan tasha ba ya ƙara yi masa komai. Ya sayo kwalin fararen ƙwayoyin nan, kullum ya sauya ɗaya. Taku goma sha biyu suka koma uku, uku suka koma tsayuwa kawai, daga baya ko tsayuwar sai an yi da gaske. Mai gashin ƙashi ta fara ƙosawa.

"Mama, na ga waɗanda suka girme ki sun tashi. Magani kina sha, aiki ya yi kyau. Me ya rage in ba son jiki ba?"

Auta ma ta sa baki, har da hawaye. "Inna, ke da kika yi shekara talatin kina taka keke? So kike ki ƙare a kan gado?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Ku yi haƙuri. Ragwanci ne ya zo mini da tsufa."

Matar da ta yi ɗinki da zazzaɓi a jikinta don su ci abinci, ita ce take kiran kanta raguwa a gaban baƙuwa. Ya ji maganar ta shige shi har ƙashi. Ya fita tsakar gida ya yi alkawari tsakaninsa da Allah cewa an gama. Washegari da azahar ya sake sauyawa. Wanda bai san abin nan ba zai ce rashin imani ne, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba, amma jikin da ya saba ba ya jin alkawari. Sati biyar aka yi a haka, ɗan kuka yana ja wa uwarsa jifa.

Ranar wata Laraba ya kawo mata kofin ruwa da farar ƙwayar. Ta karɓa, ba ta kai baki ba. Ta riƙe ta a tafin hannu tana juyawa da yatsa.

"Babana, rufe ƙofar."

Ya rufe.

"Ka daina wahalar sayo wannan. Na asibitin ɗaci gare shi, wannan ba shi da ɗaci. Tun ranar farko na ji a harshena."

Ya zauna a ƙasa a gefen gadon. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Yana jira ta yi kuka, ko ta tsine masa, da ma hakan ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai ya ga ta jawo haɓar zaninta tana kwance wani ƙulli. Ƙwayoyi shida ne a ciki, gefensu ya ɗan narke.

"Na safe ne. In Auta ta ba ni sai in ajiye a kunci, in ta juya in fitar. Na ga ɗaya ba ta isarka, jiya hannunka har kofi ya kasa riƙewa." Ta kamo hannunsa ta zuba masa. "Ni ciwona na ƙashi ne, na san inda yake, zan iya da shi. Kai naka ban san inda yake ba."

"Inna..."

"Kada ka bari ƙanwarka ta sani. Ba ta da wani uba sai kai."

Da labari ne na daɗin baki, da an ce ya watsar da su. Bai watsar ba. Yatsunsa suka rufe a kansu da kansu, ya tashi ya shiga banɗaki ya turo ƙofa, ya haɗiye ɗaya da ruwan famfo. Sannan ya tsaya yana kallon ƙasa. Tun faɗuwar Inna a kan gado ake goge mata jiki, Auta ce kawai take shiga nan, kullum a gurguje, ta shimfiɗa wani buhu a bakin ƙofa tana cewa famfon ne yake yoyo. Tsintsiyar tana nan a bayan ƙofa. Ya tuna kwana shida ke nan Inna tana kwana ta wuni da ƙarfe a cikin ƙashinta, babu abin da ke tsakaninta da ciwon sai ƙwaya ɗaya ta dare. Ya zauna a bakin masai ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya fita da sauti.

Yana nan har ya ji sallamar Auta, ta dawo daga makaranta tare da mai gashin ƙashi. Ya tashi ya janye buhun ya jefar waje. Ya tara bokiti a famfo har ya cika.

"Auta, zo."

Ta zo da jakarta a kafaɗa, alli a hannun rigarta. "Lafiya, Yaya?"

"Tsaya nan. Ja baya kaɗan."

Ya sheƙa ruwan. Ya bazu, rabi ya nufi magudana ya shige. Sauran ya juyo a hankali, ya taru a kan tayil huɗun bakin ƙofa, ya kwanta a gaban takalminta, faɗin faranti. Suka tsaya suna kallonsa. Bai tafi ko'ina ba.

"Ba jiri ba ne," in ji shi. "Ba famfo ba ne kuma. Na sani tun ranar da na gama."

Sannan ya buɗe hannunsa ya nuna mata biyar ɗin da suka rage, ya zaro kwalin fararen daga aljihu, ya zaro tsohuwar takardar likita daga walat, ya faɗa mata komai a tsaye, tun daga gwiwa har zuwa ƙullin zanin Inna. Daga ɗaki Inna tana kira, "Babana! Babana, na ce kada ka faɗa!" Auta ta matso. Ta karɓe ƙwayoyin daga hannunsa, ta shiga kicin ta ɗauki akwatin robar ta sa a jakarta. Da ta zo wucewa ta gabansa sai ta raɓe jikin bango don kada rigarta ta taɓa shi. Mai gashin ƙashi kuwa ta shiga ɗakin ta durƙusa a gaban gadon ta ce, "Mama, ki yafe mini."

Matarsa ce ta raka shi asibiti washegari. Likitan da ya gan shi bai yi masa wa'azi ba. Ya ce kada ya kuskura ya yanke a rana ɗaya shi kaɗai a gida, za a riƙa rage masa a hankali suna lura da shi. Ya ce faɗuwar nan da jijjiga ba rana ba ce, maganin ne, kuma da ya ci gaba da haɗa na Inna da na bayan tasha, wata rana zai yi gyangyaɗin da numfashi ba zai dawo ba. An ɗauki watanni. Ya yi amai, ya yi gudawa, ya yi makonni barci ba ya zuwa sai a guntu-guntu. Sau ɗaya ya koma bayan tasha, ya dawo ya faɗa wa matarsa da bakinsa, aka sake farawa. Labari kuwa ya zaga wajen magina, kamar yadda ya san zai zaga. Wasu sun daina kiransa aiki. Har yau in ya wuce ƙarƙashin gada ba ya tsaki, sauri kawai yake ƙarawa.

Inna ta koma shan maganinta daga hannun Auta, ta kuma yi ƙoƙari iya ƙoƙari. Amma sati biyar ɗin nan sun tafi da abin da suka tafi da shi. Gaɓar ta riga ta sandare, cinyar ta zube. Tana iya zuwa daga gado zuwa tsakar gida da ƙarfen dogarawa, tana jan ƙafar. In ta zauna kuwa, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Auta takan gaishe shi yanzu, ta tambayi yara, amma ba ta sake cewa "Yaya ya ce" a gaban kowa ba.

Sai da hannunsa ya daina rawa sannan ya zo da guduma. Bai tsaya a tayil huɗu ba, ya ɓalle daɓen gaba ɗaya. Ya ja zare, ya ɗora ƙarfen awo a kan kowane tayil, ya ƙwanƙwasa kowanne da makulli. Ya kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango. Aikin yini biyu ya ɗauke shi kwana shida. Da ya bushe, Inna ta sa aka kawo mata kujera ƙofar banɗakin, ta jawo ƙafa ta zo ta zauna. Auta tana tsaye a bayanta, hannu a harɗe.

"To, a zuba mu gani," in ji Inna.

Ya zuba. Ruwan ya bazu, ya ɗan tsaya, ya tattaru ya nufi magudana ya shige tas. Maganar nan tasa ta kullum ta zo masa baki, ya haɗiye ta.

Inna ta daɗe tana kallon daɓen. Ta ce, "Aiki ya yi kyau, Babana. Allah ya yi albarka." Sannan ta miƙo masa hannuwanta biyu. "To zo ka ɗaga ni."